Ƙorafin Jarrabawa a Jami'o'i: Ina Ɗan Talaka Zai Kai Kukansa?

Duk wanda ya san ƙasar Tsauni, a gundumar Kance ta jihar Damagaram, ya san irin wahalar da ake sha kafin a kai yaro ɗaya jami'a. Ƙasa ce mai yawan jama'a da ƙarancin gonaki, inda magidanci ke dogara da gero da gyaɗa da ɗan abin da fadama ta ba shi na rake da kayan lambu, sai kuwa ɗan cinikin da ake ƙullawa tsakanin Matamaye da kasuwannin ƙasar Daura. Daga ajin farko na firamare zuwa jarrabawar bak, shekara 13 ce cur idan yaro bai maimaita aji ba, kuma a cikin waɗannan shekaru an sayar da awaki, an ci bashi, an haƙura da hannun da ya kamata a ce yana riƙe da hauya. Saboda haka ranar da aka liƙa sakamakon jarrabawa a bangon jami'a, makomar gida guda ce ke rataye a jikin wannan takarda.

A ɗauki misalin ɗalibi ɗan irin wannan gida. Ya tsaya gaban allo, ya bi sunaye da yatsa har ya kai ga nasa, sai ya tarar da sifili a darasin da ya tabbata ya zauna ya rubuta, ko kuwa ya ga an rubuta cewa bai halarci jarrabawar ba sam. A tsarin karatun da jami'o'in Nijar ke bi na lisans da mastar da dakta, ana auna ɗalibi da maki bisa 20, kuma 10 ne mizanin tsallakewa. Kowane zango yana da awon karatu 30, sai an haɗa 180 a zango shida ake samun lisans. Maki ɗaya da ya ɓace yana iya jan matsakaicin makin ɗalibi ƙasa da 10, daga nan ya rasa zangon, ya maimaita shekara, bursu ɗinsa ya shiga haɗari, in abin ya maimaitu kuma a nuna masa ƙofa. Kuskuren da bai wuce zamewar alƙalami ba, ko lambar ɗalibi da aka sauya da ta wani, ko shafi ɗaya da aka manta ba a lissafa ba, ya isa ya rushe aikin shekara goma sha wani abu.

Ba a ce babu wata hanya ba. Sanin kowane ɗalibi ne cewa bayan an fitar da sakamako akan ba da ɗan lokaci na shigar da takardar koke, abin da ɗalibai ke kira reklamasiyo, akwai kuma zagaye na biyu na jarrabawa ga wanda bai tsallake na farko ba. To, amma karɓar takarda daban, yin adalci daban. Kwana nawa ɗalibi yake da shi, kuma daga wace rana ake fara ƙirge? Wane ne zai duba kokensa, malamin da ya ba da makin ko wani dabam? Yana da ikon ya ga takardar jarrabawarsa da idonsa? Za a amsa masa a rubuce tare da dalili? Idan bai gamsu ba, ina ne gaba? Duk jami'ar da amsar waɗannan tambayoyi biyar ba ta rubuce a cikin dokarta, ba ta kuma liƙe a inda kowa zai karanta, to haƙƙin ɗalibinta ya koma hannun sa'a da sanayya.

A nan ne bambancin ɗan birni da ɗan ƙauye yake fitowa fili. Ɗan babban ma'aikaci yana da wanda zai ɗaga waya a madadinsa, yana da kawun da ya yi aji ɗaya da shugaban sashe. Ɗan Tsauni kuwa, mai yiwuwa ne lokacin da sakamako ya fito yana gida yana taya iyayensa aikin gona, musamman da yake yajin aiki ya sha hargitsa kalandar jami'o'in ƙasar har shekarun karatu suna hawa kan juna. Kafin labari ya same shi, ya nemi kuɗin mota ya isa, wa'adin ya cika. Kafin shekara ta 2010, lokacin da aka kafa jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa, sai ya yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai, domin Jami'ar Abdu Mumuni ce kaɗai jami'ar gwamnati. Yau ga Jami'ar André Salifou a Damagaram, kusa da gida. An rage nisan hanya, kuma wannan abin a yaba ne. Saura a rage nisan da ke tsakanin ɗalibi da ofishin da ke yanke hukunci a kansa.

Tarihin ƙasar nan ya nuna inda kukan ɗalibai ke nufa idan ya rasa ƙofa. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin mulkin Janar Ali Shaibu, jami'an tsaro sun buɗe wuta kan ɗaliban da ke maci a gadar Kennedy ta Yamai, ɗalibai uku suka rasu. Jinin nan yana cikin abin da ya kai ƙasa ga babban taron ƙasa da aka buɗe ranar 29 ga Yuli 1991, wanda ƙungiyar ɗalibai ta USN ta zauna cikinsa da cikakkiyar murya, wanda kuma Farfesa André Salifou, ɗan Damagaram, ya shugabanta. Ɗalibai sun taimaka wajen samar wa ƙasa ƴancin faɗar albarkacin baki, amma darasin da ya zauna a zukata tun daga lokacin shi ne sai an fita titi ake samun biyan bukata. A shekara ta 2018 an sake gani. Saɓani tsakanin wani malami da wasu ɗalibai a Jami'ar Yamai cikin Fabrairu ya jawo yajin aikin ƙungiyar malamai ta SNECS, cikin Maris aka kori shugabannin ɗalibai biyar, cikin Afrilu aka yi arangama da jami'an tsaro har aka rufe harabar jami'ar. Ko wa ke da gaskiya a wancan rikici, dubban ɗaliban da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su ne suka yi asarar makonni na karatu. Shugaban ɗalibai yana da ƙungiyar da za ta tsaya masa. Wanda makinsa ya ɓace shi kaɗai, ba wanda zai ƙona taya saboda shi.

Malaman jami'a suna da tasu hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa hukuncin kwamitin malamai masu tantance jarrabawa, wato juri, shi ne na ƙarshe, domin idan aka bar maki ya zama abin ciniki, to duk wanda ya faɗi zai zo da kuka, mai ƙarfi ya zo da barazana, mai kuɗi ya zo da ambulan, takardar shaidar jami'a ta zama ba ta da daraja a Yamai, balle a sauran ƙasashen da ke cikin majalisar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 don daidaita darajar karatun jami'o'in Afirka. Haka nan malamin da ke gyaran ɗaruruwan takardu shi kaɗai ba zai iya sake karanta kowace ɗaya sau biyu ba. Gaskiya ne kuma cewa ba duk mai ƙorafi ne aka zalunta ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Sai dai wannan hujja tana kare abu ɗaya ne kawai, wato ikon malami na auna ingancin amsar ɗalibi. Ba ta kare kuskuren lissafi, ba ta kare takardar da ta ɓace, ba ta kare malamin da ya zama mai ƙara kuma alƙali a magana ɗaya. Maƙwabciya Najeriya ta daɗe da raba waɗannan abubuwa biyu. Bayan tarzomar da aka yi a Jami'ar Maiduguri cikin Fabrairu 1983 an kori wasu ɗalibai, suka kai ƙara. A 1986 Kotun Ƙolin Najeriya, a shari'ar da aka fi sani da shari'ar Garba, ta soke korar, kuma daga cikin dalilanta akwai cewa mataimakin shugaban jami'ar da ya jagoranci kwamitin bincike yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, don haka ba a yi wa ɗaliban shari'ar adalci ba. A 2014 kotun ta sake yanke hukunci a kan Jami'ar Ilori, wadda ta riƙe sakamakon wata ɗaliba shekara da shekaru, inda ta bambanta tsakanin ba da digiri, wanda hurumin jami'a ne, da riƙe sakamakon jarrabawar da ɗalibi ya riga ya rubuta, wanda kotu ke da ikon shiga. A Ingila ma, dokar 2004 ta tanadi ofishi mai zaman kansa da ke sauraron koken ɗalibai kyauta bayan sun gama bin matakan jami'arsu, kuma an hana shi taɓa hukuncin malami kan ingancin aiki. Abin da yake dubawa shi ne ko an bi ƙa'ida, ko an saurari ɗalibi, ko hukuncin ya yi daidai da hankali.

Ba wanda ke fatan ɗan Tsauni ya shafe shekaru yana zirga-zirga a kotu kamar waɗancan. Ba shi da kuɗin lauya, ba shi da shekarun ɓatarwa. Abin da ya dace shi ne a gyara tun daga cikin gida, kuma gyaran ba ya bukatar sabon gini ko kasafin miliyoyin sefa.

Da farko, ma'aikatar ilimi mai zurfi ta fitar da ƙa'ida guda ga dukan jami'o'in gwamnati, a buga ta, a ba kowane ɗalibi ranar da ya yi rajista. Na biyu, wa'adin shigar da koke ya zama sananne kuma wadatacce, a fara ƙirga shi daga ranar da aka sanar da sakamako a hukumance, a kuma yarda ɗalibin da ke nesa ya aiko da nasa ta waya ko ta hannun wakili, a ba shi shaidar karɓa mai kwanan wata. Na uku, kowane ɗalibi ya sami ikon ganin takardar jarrabawarsa a gaban malami. Nijar ta kafa dokar ba jama'a damar ganin takardun hukuma tun 2011, babu dalilin da zai sa takardar da ɗalibi ya rubuta da hannunsa ta zama sirri a gare shi. Yawancin ƙorafi a nan zai mutu, domin wanda ya ga kuskurensa da idonsa ba ya ƙara magana. Na huɗu, wanda ake ƙorafi a kansa ya ba da bayani, amma kada ya zauna cikin masu yanke hukunci. Na biyar, a ba da amsa a rubuce tare da dalili cikin kwanaki ƙididdigaggu, kuma kada a yanke bursu ko a kori ɗalibi kafin a gama sauraron kokensa. Na shida, a samar da mataki na sama, kwamitin da ya ƙunshi malamai daga wani sashe da wakilin ɗalibai, wanda zai duba ko an bi ƙa'ida. Daga ƙarshe, kowace jami'a ta riƙa bayyana a ƙarshen shekara yawan koken da ta karɓa da yawan waɗanda aka gyara, ba tare da ambaton suna ba.

Wannan tsari kariya ce ga malami kamar yadda yake kariya ga ɗalibi. Malamin da ke da rubutacciyar ƙa'ida a bayansa yana da abin da zai nuna wa ɗan siyasa ko attajirin da ya zo neman alfarma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ita ma ƙungiyar ɗalibai tana da nata nauyin: ta koya wa sababbin shiga yadda ake rubuta koke da lokacin shigar da shi, ta kuma daina ɗaukar kowace faɗuwa a matsayin zalunci.

Ƴan kasuwa sun san cewa mai awon kirki ba ya fushi idan mai saye ya ce a sake auna tiya a gabansa, domin ta haka ake gane tiyarsa cikakkiya ce. Ma'aikatan gwamnati kuma sun san zafin a tsallake sunan mutum a jerin ƙarin girma, da amfanin samun ofishin da zai kai takardarsa a duba. Su ne iyayen waɗannan yara, da harajinsu ake tafiyar da jami'o'in, don haka suna da bakin tambayar shugabannin jami'a da na ma'aikata ina aka kwana kan wannan batu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Magidancin Tsauni da ya sayar da akuyarsa bai roƙi a ba ɗansa makin da bai samu ba. Abin da yake nema shi ne idan an ce yaron ya faɗi, a nuna masa inda ya faɗi, idan kuma kuskure aka yi, a gyara kafin shekara ta wuce. Allah Ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.