Tura Ta Ƙauye Ba Rufin Asiri Ba Ne

Da zarar ciki ya bayyana a jikin 'yar makaranta, shawarar dangi ɗaya ce: a cire ta daga aji, a sa ta a mota da asussuba, a kai ta wurin gwaggo a ƙauye har ta sauka. Kowa ya yaba, a ce an yi dattako. Ni kuwa cewa nake sunan gida aka ceta, yarinyar kuma an sallama ta.

Wadda aka ɓoye ba ta zuwa awo, domin zuwa asibiti tonon asiri ne. 'Yar shekara 14 ko 15 da ƙugunta bai gama buɗewa ba ita ta fi kowa buƙatar ma'aikaciyar lafiya, ita ce kuma muke nisantawa da asibiti. Idan naƙuda ta kwana biyu a ɗaki, kan jariri ya danne mafitsara, yoyon fitsari ke biyo baya, galibi ɗan ma ba ya zuwa da rai. Mai shakka ya leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina ya ga abin da doguwar naƙuda ke yi wa yara mata.

Shi kuwa mai cikin, saurayi ne ko maƙwabci ko malami, yana nan a majalisarsa yana shan shayi. Tafiyar yarinyar ma alheri ce gare shi, tun da shaida ta bar gari. Idan fyaɗe ne, mun binne maganar da hannunmu.

A jihar Kaliforniya ta Amurka, kotu na iya fitar da yarinya daga ƙarƙashin ikon iyayenta tun tana shekara 14, amma sai alƙali ya gamsu tana da halaliyar hanyar ciyar da kanta, kuma rabuwar ita ce maslaharta. Ciki kaɗai ba ya wadatarwa. Ba ina kiran mu kwaikwaye su ba ne. Abin lura shi ne, su da muke zargi da sakin 'ya'ya sun gindaya sharuɗɗa, mu kuwa muna raba yarinya da uwarta ba alƙali, ba sharaɗi, ba a ko tambaye ta ba.

Masu cewa a ɗaura mata aure da gaggawa su tuna cewa a mazhabar Malikiyya ba a ɗaura aure da mai ciki sai ta haihu. Masu cewa karatu ya ƙare kuwa, sashe na 15 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya ce a ba ta damar komawa makaranta bayan haihuwa. Saliyo ta hana masu ciki shiga aji, kotun ECOWAS ta yi watsi da hanin a 2019. Tanzaniya ma ta janye nata a 2021.

Na san bakin unguwa da ɗaci, kuma akwai yarinyar da zaman gida hatsari ne gare ta. Irin wannan a ɗauke ta, amma da yardarta, zuwa hannun amintaccen dangi, a garin da ke da asibiti da makaranta, a kuma kai mai laifin gaban hukuma. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Uban da ya kasa cika waɗannan sharuɗɗa ya riƙe 'yarsa a gida, ya kai ta awo da kansa.