Baikon Lahadi da kuɗin waje: wane ne zai riƙe Galmi da Danja?

Jama'a, duk ɗan jihar Tawa ko Maraɗi ya san gidan likita na Galmi, wanda 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1950. Mun san Danja ma, inda aka daɗe ana jinyar kutare, daga baya aka ƙara aikin yoyon fitsari. Mafi yawan masu zuwa can Musulmi ne, don Kirista a Nijar ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. To daga ina kuɗin suka fito?

Da yawansu daga baikon majami'u ne na Amurka, Kanada da Ostareliya. Ɗan mishan yakan bi coci-coci yana neman masu alkawarin ba shi wani abu duk wata, kafin ya taso. A wajen Kirista bayarwa ibada ce: akwai baikon Lahadi, akwai zakka ta kashi ɗaya cikin goma, akwai godiyar kaka da manomi ke kawo damin hatsi. Littafinsu ya fifita gwauruwar da ta jefa 'yan tsabobi biyu a kan attajirai, don ita ke nan abin da ta mallaka.

Amma mu abin da ya fi jan hankalinmu shi ne labarin Bulus. Da ya tara gudunmawa a Makidoniya da Koranti domin talakawan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya nemi majami'u su zaɓi mutanensu su raka kuɗin, kada wani ya zarge shi. Manzo ke nan fa! Yau in ka tambayi ma'aji lissafi, sai a ce ba ka da bangaskiya. Wannan ciwon, mu faɗi gaskiya, har kwamitin masallaci da ƙungiyar unguwa bai bari ba.

Tun juyin mulkin Yulin 2023 mun ga yadda kuɗin waje ke iya tsayawa dare ɗaya, furoje ya rufe, baƙi su tattara. Ran da hakan ta kai ga Galmi, dalar ɗan ƙasa ce za a nema, ta Kirista da ta Musulmi. Kuma mai sayar da ƙosai ba za ta ba da jikka guda ba sai ta ji an tashi gaban jama'a an karanta nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ya sa hannu.