Kafin a Sauke Inji, a Auna Shi

A ranin bara, kawuna da ke jigilar albasa da shinkafa tsakanin Kebbe da Tambuwal ya rabu da Fijo 504 ɗinsa a kan kuɗin da bai wuce na 'yan gwangwan ba. Motar ta soma wuyar tashi da safe, tana kakkarwa idan ta ɗauki kaya. Bakanike ya kasa kunne, ya girgiza kai, ya ce inji ya gama aiki, sai dai a sayo na Beljiyam. Kuɗin ya fi ƙarfin kawu. Saurayin da ya saye ta ya canza kwantak da kwandansa da fulogi huɗu, kuma har yau tana bin hanyar Jega.

Wannan hukunci da ka, ba tare da awo ba, shi ne abin da nake ƙorafi a kansa. Babu ɗayanmu da zai yarda likita ya tsaga shi don kawai ya ji tarinsa. Amma malamai da ma'aikata da lauyoyinmu, da zarar sun shiga gareji, sai su ajiye iliminsu a bakin ƙofa.

Injin fetur abu uku yake bukata: mai, wuta da matsi. Matsin nan ana auna shi. A bar inji ya ɗumama, a cire fulogi duka, a katse wutar kwayil, a taka totur har ƙasa, a ɗaura ma'aunin a ramin fulogi, a murza makulli, a rubuta abin da allura ta nuna a kowace silinda. Abin dubawa shi ne daidaito: idan bambancin da ke tsakaninsu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, injin yana da sauran rai. Idan ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata cokali guda na baƙin mai, a sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne ya cinye. In bai motsa ba, a tuhumi bawul. In kuwa silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare, galibi gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Aikin bai kai rabin sa'a ba.

Idan matsi ya fita lafiya, sai a koma kan wuta, inda tsofaffin motoci suka fi ciwo. Ƙurar hunturu tana shiga distributa, zafin Afrilu yana gasa kwayil da wayoyi, kwantak yana ƙonewa ko ratarsa ta kauce daga kimanin milimita 0.4. Akwai kuma wanda zai wanke inji ya mayar da wayoyin fulogi a hargitse, alhali jerinsu 1-3-4-2 ne. Fulogin kansa shaida ne: baƙin toka busasshe yana nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, jiƙewa da baƙin mai kuma tana nuni ga ringi ko hanyar bawul.

Za a ce tsohon bakanike kunnensa ya ishe shi. Ban raina ƙwarewarsa ba. Tun daga 1975 da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, hannuwan irinsa ne suka riƙe motocin nan a raye. Sai dai silindar da ta rasa wuta da wadda ta rasa matsi kusan kuka ɗaya suke yi, kuma wanda ke yanke hukuncin shi ne zai karɓi ladan sauke injin. Ko da zuciyarsa fari fat take, gani ya kori ji.

Tun cire tallafin fetur a 2023, direban karkara ba shi da rarar da zai yi asara. Motar da aka yanke wa hukuncin kuskure tana nufin albasa ta ruɓe a gona, mai naƙuda ta hau babur zuwa asibiti.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin bakanikai da na direbobi a Tambuwal da Kebbe su tanadi ma'aunin matsi a kowane gareji, domin kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. Kai kuma mai mota, ranar da aka ce maka inji ya mutu, ka nemi a rubuta maka lambobi huɗu a takarda. In babu su, kada ka bari a kwance ko da noti ɗaya.