Kafin ka biya kuɗin "i7", tambayi kanka inda za ka jona ta

A farkon 2024 na yi wata sayayya da har yau in na tuna sai in yi wa kaina dariya, kodayake a lokacin ba abin dariya ba ne. Na shiga aji biyu a sashen koyon aikin jarida, malamai sun fara ba mu aikin ɗaukar bidiyo da tacewa, wayata kuma ta fara gazawa. Na je gida Kurfi na yi wa Baba bayani. Bai ce uffan ba. Bayan kwana uku ya kira ni ya miƙo mini kuɗin raguna biyu da yake kiwo, ya ce: "Ka sayi mai ƙwari, don ba ni da na sake saye."

Na hau mota har Kano. A wani shago aka ajiye mini kwamfuta biyu, duk na hannu, kuɗinsu kusan ɗaya. Ɗaya ta tebur ce, ƙatuwa, da allonta da komai, ƙwaƙwalwarta Core i7-3770. Ɗayar laftof ce siririya mai Core i5-8250U. Mai shagon ya dube ni ya ce: "Ɗan makaranta, kai da kake jami'a, bakwai da biyar wa ya fi?" Na ce bakwai mana. Na rungumo ta tebur, na biya kuɗin kujera biyu a mota, na nufo Dutsin-Ma ina jin na ci riba.

Mutumin bai yi mini ƙarya ba, i7 ɗin ce kuwa. Ni ne ban san abin da ya kamata in tambaya ba.

Satin farko lafiya lau. Matsala ta fara ne da aka ba mu aikin ɗan gajeren fim, ni da abokaina muka je madatsar ruwa ta Zobe muka ɗauko masunta. Na kwana biyu ina yanka da jerawa, ranar da zan fitar da fim ɗin ya kai wajen rabi aka ɗauke wuta. Allo ya yi baƙi ƙirin. Abokin ɗakina da ke da wata tsohuwar laftof ko ɗago kai bai yi ba, ya ci gaba da aikinsa a kan batir. Da Oktoban shekarar ta zo, layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka yi sama da mako guda a duhu, sai kwamfutata ta koma teburin ajiye kofi. Masu laftof suna kai tasu shagon caji su dawo su yi aiki. Ni wa zai karɓi akwatin ƙarfe da allo ya yi mini caji?

Don haka ga ra'ayina tun kafin mu yi nisa. In kai ɗalibi ne, ko kina neman abin da za ki riƙa tace bidiyon TikTok da Facebook, kuma a Dutsin-Ma ko Kurfi kuke ko wani gari mai irin wutarmu, laftof mai sabuwar ƙwaƙwalwa ta fi muku tsohuwar kwamfutar tebur, ko da sunan ta tebur ɗin ya fi daɗin faɗa a majalisa. Amma akwai sharuɗɗa, zan zo kansu.

Mu fara da sunan, don nan ne aka fi kayar da mu. Wannan i3, i5 da i7 da kamfanin Intel ke rubutawa matsayi ne a cikin gida ɗaya, kamar ƙane da wa. Ba ya gaya maka shekarar da aka yi ta. Shekarar tana ɓoye a lambobin da ke bayan 'yar sandar. Lambar farko ita ce zubi, abin da 'yan kasuwa ke ce wa jenareshan. Tawa 3770, zubi na uku ke nan, ta fito a 2012, lokacin ina firamare. Wadda na bari a shago, 8250U, zubi na takwas ce, ta 2017. In lambar ta fara da 10, 11, 12 ko 13, to biyun farko za ka ɗauka: i5-1135G7 zubi na sha ɗaya ce, ta 2020. Harafin ƙarshe ma magana ne. U na nufin an yi ta don tsimin batir, H kuma ta laftof ce mai ƙarfi da cin wuta.

A cikin kowace ƙwaƙwalwa akwai ƙananan ma'aikata da ke raba aiki a tsakaninsu. Tawa tana da huɗu, waccan i5 ɗin ma huɗu. A wajen gudu kusan kunnen doki suke, ta tebur ɗin ma takan ɗan wuce in aiki ya yi tsawo. Kun ga ba ina cewa tsohuwar ba ta da ƙarfi ba ne. Bambancin yana wajen abin da kowacce ke ci. An tsara i7-3770 a kan wat 77, ita kaɗai, ban da allo da sauran kayan ciki. Ita kuwa i5-8250U a kan wat 15. Aiki kusan iri ɗaya, da kamar kashi ɗaya cikin biyar na wutar. Laftof ɗin gaba ɗayanta cajar wat 45 ko 65 ta ishe ta, ƙaramar sola ma za ta ɗauke ta. Ta tebur kuwa sai janareta, kuma kowa ya san yadda litar fetur ta koma tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. In ka ce za ka haɗa mata na'urar riƙe wuta, wadda ake ce wa UPS, ƙarin kuɗi ne, kuma 'yan mintoci take ba ka ka adana aiki ka kashe. Batirin laftof kuwa ya zo da ita kyauta.

Abu na biyu ya shafi mu masu harkar bidiyo. Wayoyi da yawa yanzu, musamman iPhone tun daga 2017, suna iya ɗaukar bidiyo da wani tsarin matsewa mai suna HEVC, wanda ke rage girman fayil. Ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na shida zuwa sama tana da wani sashe na musamman da ke warware irin wannan bidiyon ba tare da wahala ba. Zubi na uku ba ta da shi, sai dai ta yi da ƙarfin tuwo. Shi ya sa nake jefa bidiyon wayar abokina a kwamfutata ya riƙa tsalle-tsalle yana cijewa, fanka na kuka kamar injin markaɗe, alhali a wata 'yar laftof yana tafiya sumul. A lokacin na ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga. Ashe tsufa ne.

Abu na uku shi ne Windows. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai ƙarin wa'adin shekara guda na gyaran tsaro ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas take farawa a wajen Intel, ban da wasu 'yan tsiraru, a wajen AMD kuma daga Ryzen 2000. Na san za a ce akwai yara a kasuwa da ke ɗora ta a kan kowace irin kwamfuta. Gaskiya ne, suna yi. Amma kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan gyara ba. Kwamfutar da za ka riƙa shiga asusun banki da ita, ka yi rajistar makaranta, ka ajiye aikin kammala digiri, bai kamata a ce ƙofarta a buɗe take kwana ba.

To shin ta tebur ba ta da rana ke nan? Tana da ita, kuma ni shaida ne. Da na gaji, sai na kai tawa Kurfi wurin yayana, wanda ke da shagon buga takardu da cike fom ta intanet. Ya dube ta ya ce: "Kai dai ka cika gaggawa, ai wannan ta shago ce ba ta ɗakin ɗalibi ba." Yana da sola da batura, kwamfutar ba ta motsawa daga inda aka girke ta, aikinta rubutu da fitar da takarda. Ya cire tsohon faifan ajiyarta mai juyawa ya sa mata SSD, ya ƙara mata RAM, ta dawo kamar amarya. Lokacin rajistar JAMB da ta makarantu wuni take tana aiki. Da tsohuwar zuma ake magani, in an san ciwon.

Kuma a faɗi gaskiya, akwai inda ta tebur ta yi wa laftof nisa. Zafin Maris zuwa Mayu a garuruwanmu ba wasa ba ne. Laftof siririya in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, ta tebur kuwa tana da sarari da babbar fanka. Ƙurar hunturu in ta cika ta, ka kwance murfi ka hure, shi ke nan. In wani abu ya mutu a ciki, shi kaɗai za a canza. Laftof kuwa allo ya fashe ko shayi ya zube a kan madannai, sai ka ji kuɗin gyara ya kusa na saye. Sannan ɓarawo ya fi son abin da zai sa a jaka. Duk wanda ya zauna a gidan haya na ɗalibai ya san wannan. In kana da tsayayyar wuta da wuri guda na aiki, ko kana son ka sa katin hoto don wasanni, ta tebur zaɓi ne mai kyau. Ko a nan ɗin ma ina ba da shawarar a nemi zubi na takwas zuwa sama in aljihu zai iya.

Sai sharaɗin da na yi alkawari, don kada wani ya karanta rabi ya ruga kasuwa. Ba kowace laftof ce ta fi tsohuwar ta tebur ba, kuma "sabuwa dal a kwali" ba hujja ba ce. Akwai masu ƙwaƙwalwar Celeron N4020, suna da kyan gani, ga leda ba a ɓare ba, amma ma'aikata biyu ne a ciki marasa ƙarfi, galibi da RAM gig huɗu. Tsohuwar i7 ɗina ta fi su nesa ba kusa ba. In ka buɗe CapCut a kansu sai ka yi sallar la'asar ka dawo. Haka nan tarkon i7 yana nan a laftof ma: i7-7500U ma'aikata biyu gare ta, i5-8250U da ta biyo bayanta da shekara guda tana da huɗu, kuma ta farkon ba ta cikin jerin Windows 11. Wato a nan biyar ta fi bakwai. Da na san haka a 2024, da na ba mai shagon nan amsa.

Ranar da za ka je saye, ko a Katsina ne ko a Kano, kada ka yi cinikin biri a sama, kuma kada ka yarda da takardar da aka manna a jiki. A kunna a gabanka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga wajen da ke nuna aikin na'ura, cikakken sunan ƙwaƙwalwar zai fito, da yawan RAM, da irin faifan ajiya. Nemi zubi na takwas zuwa sama, RAM kada ya gaza gig takwas, ka kuma tambaya ko ana iya ƙarawa, don wasu a like yake. Faifai ya zama SSD. Wallahi wannan kaɗai yakan canza kwamfuta fiye da bambancin i5 da i7. Sai batir, wanda shi ne dalilin sayen gaba ɗaya: a cire caja, ka kunna bidiyo, ka zauna minti ashirin kana kallon yadda yake sauka. Mai shago zai ce kana ɓata masa lokaci. Ka ba shi haƙuri, ka ci gaba da zama. Laftof mai mataccen batir kwamfutar tebur ce da ba ta da fa'idar ta tebur. Ki tafi da ɗan bidiyon wayarki a filashi, ki sa a gani ko zai tafi lafiya. In da hali a je da wanda ya san harkar, a kuma rubuta yarjejeniyar kwanakin gwaji a rasit.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancinmu ba don aiki muke zaɓa ba, don abin da za mu faɗa ne in an tambaye mu. "Wace iri ce?" "i7 ce." Sai a ce kai, babban yaro. Nima abin da ya ja ni ke nan. Amma malami ba ya ba da maki don sunan ƙwaƙwalwa, wanda ya ba ka aikin bidiyon biki ma ba ruwansa, shi dai ya ga kayansa ranar da ka ce. Tun da aka kafa jami'ar tarayya a Dutsin-Ma a 2011 garin ke cika da ɗalibai, kuma kowace shekara sababbi na zuwa da kuɗin da iyaye suka tara da kyar, na hatsi ko na dabba ko na adashi. Yawancinmu sau ɗaya za a saya mana har mu gama.

Ni dai Allah ya rufa mini asiri. Yaya ya riƙe ta tebur ɗin, ya riƙa ba ni kuɗinta kaɗan-kaɗan, na cika da abin da na samu a ɗaukar hoton bukukuwa, na sayi laftof ta hannu, i5 zubi na takwas, irin dai wadda na bari a shagon nan. Da Baba ya gan ta ya juya ta a hannu ya ce: "Wannan 'yar ficiciyar ce ta fi waccan ƙatuwar?" Na ce: "Baba, waccan ta fi ƙarfi in akwai wuta." Ya yi murmushi ya ce: "To ai ka gama magana."

Kafin ka tambayi mai shago i nawa ce, fara tambayar kanka awa nawa kuke samun wuta a unguwarku, da kuma inda za ka riƙa aiki. Amsar da ka samu ita za ta zaɓa maka.