Kafin ka sa wa tsohuwar Fijo gilashi mai maɓalli, saurare ni

Na san waya da kwamfuta kuka saba gani a nan, amma yau ku yi min uzuri, maganar mota zan yi. Sana'ata gyaran waya, ban taɓa zama a gareji ba. Sai dai makonni biyu da suka wuce kawuna ya ajiye min Fijo 504 ɗinsa a ƙofar shago, ya ce tunda ni ne mai haƙurin ƙananan sukurori, in duba masa gilashin gefen direba da ya maƙale a tsakiya.

Ga wanda bai san ta ba, 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, kuma masana'antar PAN da aka buɗe a Kaduna a 1975 ta ci gaba da haɗa ta shekaru da dama bayan an daina a can. Yau masu lafiya sun yi ƙaranci. Shi ya sa nake jin haushi idan na ga yadda ake yanka ƙofofinsu.

Da gilashi ya fara wuya, sai ka ji an ce: cire wannan tsohon abin, a sa maka na lantarki. Ni ban yarda ba. Sau da yawa injin da ke ɗaga gilashin ba shi ne ya mutu ba. Ƙarfe ne mai haƙora da ɗan ƙaramin giya, a wasu motocin kuma waya ce da ke nannaɗewa. Abin da ke faruwa shi ne giris na shekara talatin ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare kamar ƙanzo, sannan robar da gilashin ke bi ta bushe ta tsattsage. Idan ka ɗora motar lantarki a kan wannan, ka rufe ciwo ne kawai. Hannunka yana jin inda abu ya cije, sai ka sassauta. Ita kuwa ba ruwanta, turawa za ta yi har fiyus ya ƙone ko haƙori ya karye. Kamar mai canza caja ne alhali datti ne ya toshe ramin cajin.

Ƙofar ɗaya gefen ta kawu an riga an yi mata wannan aikin. Wani mai wayarin ya huda ƙarfen ciki, ya bi da waya ta bakin ƙofa babu ko robar kariya, har ta fara gogewa. Ƙarfen da aka yanke ba ya dawowa.

To, idan za ka buɗe da kanka, wayar da ke hannunka ita ce kayan aikinka na farko. Ɗauki hoto kafin ka taɓa komai, ka sake ɗauka bayan kowane abu da ka cire. Haka muke yi da allon waya, don sukurori biyu kan yi kama amma tsayinsu daban. Ka sami kwali, ka zana ƙofar a kai, ka soke kowane sukuru a gurbinsa. Kwalin jikin ƙofa kuma ƙananan maƙalai ne ke riƙe da shi, ka ɓamɓare a hankali dab da kowane ɗaya, kada ka fizga.

Bayansa za ka tarar da leda. Don Allah kada ka yar da ita. Mutane da yawa ba su san ruwan sama yana shiga cikin ƙofa ba, haka aka ƙera ta: yana gangarowa ta jikin gilashi ya fita ta ƙananan ramuka a ƙasa. Ledar ce ke hana shi jiƙa kwalin. Na kawu ramukan sun toshe da laka, har da tsohon kwabo na tsinta a ciki, tsatsa kuma ta fara cin gindin ƙofar. Wannan ya fi tayar min da hankali fiye da gilashin.

Kafin ka kwance injin, ɗaga gilashin sama ka ɗaure shi da salatif mai faɗi ta saman ƙofa. Gilashin gefe ba ya tsagewa kamar na waya, tarwatsewa yake yi gaba ɗaya kamar tsakuwa idan bakinsa ya bugi ƙarfe, kuma ba a yanka wani a rage shi ya shiga. Sai dai ka nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman na irinta.

Sauran aikin wanki ne. Kananzir da tsohon buroshin haƙori, a goge, a bushe, a shafa sabon giris a haƙora da mahaɗai. Amma ban da cikin robar da gilashin ke bi, nan giris ƙura yake tarawa. Feshin silikon ake sa mata, in ta mutu a canza.

Tunda ƙofar a buɗe take, duba siraran sandunan da suka haɗa hannu da makulli, robobin da ke riƙe su sukan karye. Kuma kada ka rufe ƙofar don gwaji. Tana buɗe, sa sukundireba ka tura harshen makullin, ka ja hannun ciki da na waje ka ga yana saki. In ka rufe alhali sanda ta zame, ka kulle kanka waje da aikinka.

Ban ce lantarki haramun ba ne. Dattijon da kafaɗa ke damunsa yana da hujja. Amma ko shi, a fara gyara hanyar gilashin, a sa fiyus, a ajiye tsohon injin a leda.

Na kawu yanzu da yatsa biyu yake hawa. Naira nawa na kashe? Kuɗin giris, kananzir da roba. Ɗaya ƙofar da aka huda kuwa, har yanzu ina cigiyar injinta na asali, wanda yake da shi ya yi min magana a ƙasa.