Wane Fafaroma Muke Nufi?

Ranar 8 ga Mayu, 2025, farin hayaƙi ya tashi daga saman majami'ar Sistine a birnin Rum, alamar cewa manyan limaman ɗarikar Katolika 133 da aka kulle a ciki sun daidaita a kan mutum guda. Ba'amurke ne, Robert Prevost, ya kuma ɗauki sunan Leo na 14. A lissafin 'yan Katolika shi ne Fafaroma na 267, idan aka faro daga Bitrus almajirin Annabi Isa (AS). Amma wanda ya saba zama a majalisun hira na garin Bauchi, daga Wunti zuwa kasuwar Muda Lawal, ya san yadda kalmar nan take fitowa daga bakinmu. Sai ka ji an ce Fafaroma ya yaƙi Musulmi, Fafaroma ya zagi addini, kamar wani tsoho ne guda da yake zaune kan kujera tun zamanin yaƙin Salibiyya bai mutu ba. A wajen wasu maƙwabtanmu Kiristoci kuma sai ka ji akasin haka, kamar kujerar ba ta taɓa ɗaukar azzalumi ba. Ra'ayina shi ne, duk wanda zai ambaci Fafaroma a gari irin namu, wajibi ne ya faɗi wanne yake nufi, da shekarar da ya yi mulki, da abin da ya aikata da hannunsa. Rashin yin haka ƙarya ce ga tarihi, kuma ƙarya irin wannan ta sha cin rayuka a Arewa.

Ba mu yi wa namu tarihin irin wannan kuɗin goro. Babu ɗalibin makarantar zaure da zai haɗa Yazidu ɗan Mu'awiya da Umar ɗan Abdul'aziz a ma'auni guda don kawai gidan sarautarsu ɗaya ne. A nan Bauchi ma muna kiran sarakunanmu da sunayensu, mu ce Malam Yakubu da ya karɓo tuta daga Shehu ya kafa gari, mu ce Sarki Umaru da Turawa suka tarar a 1902, kowa da zamaninsa da halinsa. To kujerar da ta shafe kusan shekara dubu biyu fa? A cikin waɗanda suka hau ta akwai 'yan Afirka ta Arewa uku, Victor na Ɗaya a ƙarshen ƙarni na 2, da Miltiades, da Gelasius na Ɗaya wanda ya rasu a 496, dukkansu kafin aiko Manzon Allah (SAW). Akwai Alexander na Shida na gidan Borgia, wanda ya hau a 1492, ya kuma yi amfani da kujerar wajen gina 'ya'yan cikinsa, abin da 'yan Katolika da kansu suke jin kunyarsa. An yi lokacin da mutum uku kowanne yake cewa shi ne Fafaroma na gaskiya, har sai da taron Constance ya warware rikicin a 1417. An yi Pius na Tara da ya shekara fiye da 31 yana mulki, a hannunsa kuma sojojin Italiya suka ƙwace Rum a 1870, ƙasar Fafaroma ta tsuke har ta koma 'yar unguwar da ake kira Batikan tun 1929.

Inda maganar ta fi shafar mu shi ne mu'amalarsu da Musulmi, kuma nan ne bambancin ya fi fitowa fili. A 1076 Sarkin Musulmi na Bijaya a ƙasar Aljeriya ta yau, An-Nasir ɗan Alannas, ya saki wasu Kiristoci da ke tsare a ƙasarsa, ya aika wa Fafaroma Gregory na Bakwai kyaututtuka, ya kuma roƙe shi ya naɗa wa Kiristocin ƙasarsa bishop. Gregory ya naɗa, ya mayar da wasiƙar godiya, a ciki yana nuna cewa shi da sarkin Allah ɗaya suke bauta wa ko da hanyarsu ta bambanta, yana kuma yi masa addu'a. A lura, Sarkin Musulmi ne ya nema wa talakawansa Kiristoci limami, don yana ganin amanarsu a wuyansa take. Ba zan ɓoye ba cewa wannan Gregory ɗin ya taɓa ƙulla niyyar kai yaƙi Gabas shekara biyu kafin haka, niyyar ba ta cika ba. Shekara 19 bayan wasiƙar, a 1095, Urban na Biyu ya tsaya a Clermont ta Faransa ya yi yekuwar yaƙin da ya ƙare da kisan kiyashin Birnin Ƙudus a 1099. A zamanin Innocent na Uku mayaƙan Salibiyya suka karkata akala suka wawashe Kustantiniyya a 1204, birnin 'yan uwansu Kiristoci. A 1452 Nicholas na Biyar ya ba Sarkin Fotugal takardar izinin yaƙar Musulmi da masu addinin gargajiya da bautar da su, takardar da ta zama madogarar masu jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. Waɗannan abubuwa sun faru, kuma Kiristan da ya musa su bai yi wa addininsa gata ba.

Sai dai labarin bai tsaya a 1452 ba, kuma nan ne masu wa'azinmu da yawa suke ajiye littafin. Gregory na 16 ya la'anci cinikin bayi a 1839. Ranar 28 ga Oktoba, 1965, a babban taron Batikan na Biyu, Paul na Shida ya sa hannu a takardar da ake kira Nostra Aetate, wadda ta bayyana cewa cocin Katolika tana girmama Musulmi a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya, masu sallah da zakka da azumi, ta kuma nemi a bar gabar da ta wuce a baya. Wannan matsaya ce ta taron bishop-bishop fiye da dubu biyu, kuma tana kan wuyan kowane ɗan Katolika har yau. John Paul na Biyu ya yi wa dubun-dubatar matasan Musulmi jawabi a Kasabalanka a 1985 bisa gayyatar Sarki Hassan na Biyu, ya nemi gafara kan cinikin bayi a tsibirin Goree na Senegal a 1992, ya shiga Masallacin Umayyawa na Dimashƙa a 2001, ya kuma fito fili ya ƙi yaƙin da Amurka ta kai wa Iraƙi a 2003, lokacin da wasu gwamnatocin Larabawa suka ba sojojin mamaya masauki. Francis ya shiga masallacin unguwar PK5 a Bangui a 2015, a daidai lokacin da 'yan Anti-Balaka suka yi wa Musulmin unguwar ƙawanya, sannan a ranar 4 ga Fabrairu, 2019, shi da Shehin Azhar Ahmad At-Tayyib suka sa hannu a takardar 'yan uwantakar ɗan Adam a Abu Dhabi.

Wani zai ce, to ina ruwan mutumin Bauchi da abin da wani dattijo ya rubuta a Rum? Ruwansa shi ne igiyar ta iso har ƙofar gidansa. John Paul na Biyu ne ya ware yankin Bauchi daga Jos a 1996, ya ɗora John Moore ɗan ƙasar Ailan a kai, sannan ya ɗaukaka yankin zuwa cikakkiyar dayosis a ƙarshen 2003, mai kula da jihohin Bauchi da Gombe. Benedict na 16 ne ya naɗa Malachy Goltok bishop ɗinta a 2011, Francis kuma ya naɗa Hilary Dachelem a 2017. Ma'ana, mutumin da ke tsayawa a mumbarin babban cocin St. John da ke cikin gari Fafaroma ne ya naɗa shi, kuma gare shi yake ba da bahasi. Saboda haka idan wani fada ya yi wa'azin ƙiyayya ga Musulmi a Yelwa, Musulmin da ya san takardar 1965 yana da hujjar da zai kai wa bishop ya ce, ga abin da shugabanninku suka ɗaure ku da shi. Wanda bai san ta ba sai dai ya yi fushi a majalisa. Ilimin nan kuma yana hana wani kuskuren da muke yawan yi, na ɗora wa Fafaroma duk abin da Kirista ya faɗa. Kiristoci da yawa na Tafawa Ɓalewa da Bogoro da Dass 'yan COCIN ne ko ECWA, ɗarikun da asalinsu ke komawa ga ɓallewar da Martin Luther ya faro a 1517, kuma babu ikon Fafaroma a kansu ko kaɗan.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Ana cewa duk wannan daɗin baki dabara ce ta mishan, kura ce da fatar akuya, kuma jawabin Benedict na 16 a Regensburg a Satumban 2006 ya tona asirin zuciya. Gaskiya ne Benedict ya kawo maganar wani sarkin Rumawa na ƙarni na 14 mai ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), kuma ya yi kuskure babba, domin mutum mai iliminsa ya san nauyin abin da ya ɗauko. Musulmi sun yi daidai da suka nuna ɓacin ransu, malamai 38 daga sassan duniya kuma suka rubuta masa raddi na ilimi. Amma a duba abin da ya biyo baya. Ya fito ya ce maganar ba ra'ayinsa ba ce, kuma kafin Nuwamba ta ƙare yana tsaye cikin babban masallacin Sultan Ahmad na Istanbul tare da Muftin birnin. Abin da ya tilasta masa wannan gyara shi ne matsayar 1965 da ba shi da ikon tsallakewa. Batun mishan kuwa, babu mai musun cewa coci tana son mutane su shiga addininta, kamar yadda mu ma muke da'awa muna son su musulunta. Tun a farkon ƙarni na 18 Rum ta turo wasu limamai biyu ta hanyar Tarabulus da Agadas, suka rasu a Katsina a 1711. Wannan buri bai taɓa ɓoyuwa ba. Abin tambaya shi ne da me ake kiran, da takobi ko da magana, kuma a kan wannan tambaya Urban na Biyu da Paul na Shida amsa biyu suka bayar masu karo da juna.

Akwai kuma abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Ranar 14 ga Fabrairu, 1982, John Paul na Biyu ya sauka Kaduna, wata tara bayan harbin da aka yi masa a dandalin St. Peter. An tsara zai gana da shugabannin Musulmi, amma ganawar ta rushe, kuma rahotannin lokacin sun danganta hakan da saɓani tsakanin ƙungiyoyinmu a kan wanda zai wakilci al'umma. Sai a filin jirgin sama, yana shirin tashi, ya karanta jawabin da ya tanada a gaban Gwamna Abba Musa Rimi da 'yan rakiya, yana kira ga Musulmi da Kirista su haɗa hannu tun da Allah ɗaya ya halicce su. Sai bayan shekara 16, a Maris na 1998, aka yi zaman a Abuja tare da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. A tsakanin waɗannan shekaru an yi rikicin Kafanchan a 1987, an yi na Tafawa Ɓalewa da Bauchi a 1991, an yi na Zangon Kataf a 1992. Ba na cewa zaman awa guda da ya hana waɗannan fitinu. Ina cewa baƙo ya zo har gida da magana mai kyau, mu ne muka kasa fitar da wanda zai amsa masa.

Kuɗin goro kuwa mun ga farashinsa. A Fabrairun 2006, kan zanen ɓatancin da wata jaridar Denmark ta buga, aka ƙona coci-coci a Maiduguri aka kashe mutane, har da wani fada na Katolika, alhali tun farkon watan Fadar Batikan ta fitar da sanarwa cewa 'yancin faɗar albarkacin baki bai halatta cin zarafin addinin wasu ba. An kashe mabiyan wanda ya goyi bayan kokenmu. Ranar Lahadi 23 ga Satumba, 2012, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a ƙofar cocin St. John a nan Bauchi, mutane suka mutu, da dama suka jikkata, mutanen da muke cin kasuwa ɗaya da su. Masu irin wannan aƙida kowane Kirista ɗan Salibiyya ne a bakinsu, kuma da wannan bakin suka kafirta malamanmu suka kashe su a masallatai.

Kirana ga Jama'atu Nasril Islam da ƙungiyar CAN reshen Jihar Bauchi, da Majalisar Mai Martaba Sarkin Bauchi Rilwanu Sulaimanu Adamu, shi ne a shirya zama a karanta takardar 1965 da ta Abu Dhabi da harshen Hausa, a gaban limaman Juma'a da fada-fada da fastoci, a kuma karanta takardar 1452 tare da su ba tare da an rage komai ba. Malaman tarihi na jami'o'i da kwalejojin jihar su jagoranci zaman, gidajen rediyo su yaɗa. Kai kuma mai karatu, gobe idan mai wa'azi ya ce maka Fafaroma ya ce, ka tambaye shi wanne, kuma a wace shekara.