Masu fenti sun yi wa ƙwari kuɗin goro

Duk inda aka zana ƙwaro domin manomi, a jikin kwalbar magani ko a allon shago, fuska ɗaya ake ba shi: ta ɓarawo. Wannan zane rabin gaskiya ne, kuma masu noman tattasai na bakin Komadugu, daga Difa har Boso, su ne ke biyan kuɗinsa.

Ganyen tattasai ɗaya ya isa shaida. Darɓa na tsotse ruwansa, tana fitar da wani abu mai zaƙi. Tururuwa na lasar zaƙin, don haka take gadin darɓar, tana korar jan ƙwaron nan mai baƙaƙen ɗigo wanda darɓa ce abincinsa. Manomin da bai taɓa ganin hoton wannan ma'amala ba, sai ya yi wa gona feshi gaba ɗaya. Mai cin darɓa ya mutu. Darɓar da ta tsira, wadda ke haihuwa ba tare da namiji ba, ta sake cika gonar cikin ƴan makonni. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Zana gaskiyar ba sabon abu ba ne. A 1699 Bajamushiya Mariya Sibila Meriyan ta tafi Surinam, a 1705 ta fitar da littafin da ya nuna ƙwari bisa tsiron da suke ci; a wani shafi ga tururuwa da gizo-gizo na farauta a kan gwaiba. Nan gida, masu binciken INRAN a Maraɗi sun daɗe suna kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro suna sakinsa a gonakin hatsi domin ya kashe tsutsar zangarniya. Wane allo ya taɓa karrama shi?

Tattasan Difa ya sha wuya: dokar ta-ɓaci ta 2015 ta tsayar da cinikinsa har 2017. Bai kamata jahilcin hoto ya ƙarasa shi ba. Jami'ar Difa, da aka kafa a 2014, da ma'aikatar gona, su ɗauki masu zane haya, a nuna mai ci da wanda ake ci da mai gadi, da rubutun Kanuri da Hausa. Ƴan kasuwar tattasai su sa hannu a aljihu, domin buhunsu ne ke raguwa.

Ma'aikacin da ya ga kamanninsa a jikin tururuwar nan mai gadin ɓarawo saboda lasa, kada ya zargi mai fenti.